Ƙonannen Harshe a Kejin Madubi

Kejin da ke can saman babban madubin hangen taurari bai fi ganga faɗi ba. A ciki Orrin Pruett yake dunƙule tun faɗuwar rana, gwiwa a haɓa, ido a kan tauraro guda da yake riƙe da shi daidai mahaɗar zare biyu da ke cikin gilashin leƙawa. In tauraron ya goce, hoton da yake ɗauka ya lalace. Daren nan ne na ƙarshe da aka ba shi a dutsen da aka kafa madubin, kuma gungun taurarin da yake bi ba zai dawo saitin ba sai baɗi.

Farantin gilashin da ke ɗaukar hoton gefe ɗaya ne ke da maganin da ke kama haske. A duhu ake ɗora shi, don haka sai a lashi kusurwa: gefen da ya kama harshe shi ke fuskantar haske. Orrin ya lasa kamar kullum. Sai da dare ya raba ya tuna bai ji komai ba. Gahawar da ya sha kafin ya hau ta ƙona masa harshe.

Wayar kejin ta yi ƙara. Eulalio Baca ne, tsohon da ke juya madubin daga ƙasa.

"Dakta, kana da rai, ko in aiko da makara?"

"Gahawarka ta cuce ni, tsoho. Ban sani ba ko farantin a kife yake."

"Wa ya ce ka kwankwaɗe ta kamar ana korarka? In sauke ka ka sa wani?"

"Daren da ya rage ba zai isa ba."

"To, zauna ka yi ta addu'a."

Ya zauna. Sanyi ya ratsa rigarsa, fitsari ya matse shi, hawaye suka daskare a gashin idonsa. Bai saki tauraron ba.

Da asuba aka rufe rufin ginin madubin, duhu ya dawo. Orrin ya zaro farantin a hankali, ya kai gefen da ya kwana yana fuskantar haske ga cikin leɓensa.

Sumul. Bai kama ba. A kife farantin ya kwana.

"Dakta, ga tsani na kawo," in ji Eulalio daga ƙasa. "Yaya?"

Orrin ya ɗora farantin a cinya.

"Bar ni tukuna."