Kofin Ruwa a Motar Yaya

Likita bai ɓoye mana komai ba. Ya ce ƙusoshi huɗu ya ɗaura wa Mama a ƙashin baya, yau da azahar zai sallame ta, amma girgiza ɗaya mai ƙarfi a hanya za ta iya gusar da su, ƙafafunta sun tafi ke nan. Motar asibitin kuwa na leƙa ƙarƙashinta da idona. Akwala ce, ko buhun siminti ba zan ɗora mata ba.

Saura motar Yaya. Irin ta zamani ce, wadda ƙwaƙwalwarta ke ƙara wa shokozoba tauri ko laushi ana cikin tafiya. Sai dai don masu gudu aka saita ta, ko tsakuwa ka taka sai ka ji a haƙoranka. Ni kuwa wayarin mota ne sana'ata, shekara goma sha shida. Na samo wani ɗan akwati da bai fi sabulu girma ba, ana haɗa shi tsakanin ƙwaƙwalwar da shokozoba, sai ka riƙa ba su umarni ta wayarka.

Da hantsi a gareji na cire murfin gefen but, wato ma'ajiyar kaya ta bayan motar, na zare soket, na cusa akwatin a tsakani, na ɗaure. Wannan ai wasan yara ne. Saitin shi ne aiki. Sai an tsayar da motar a wuri mai daidai, babu kowa a ciki, akwatin ya haddace tsayin kowace ƙafa, sannan a fara rage tauri.

Ni ban yarda da lambobin saitin da wayar ke nunawa ba. Kofin ruwa nake cikawa, in bar faɗin yatsa ɗaya a sama, in kafa shi a mota in hau tudun rage gudu da ke bayan gareji. In ya zube, aiki bai yi ba.

Ya zube.

Na sauko daga lamba biyar zuwa uku. Ya zube. Na kai ɗaya, motar ta koma lilo kamar kwalekwale, amma ƙafar baya ta hagu tana nan tana harbi. Ƙarfe sha biyu ta gota. Auta, ƙanwarmu da ke jinyar Mama, ta bugo ta ce har an fara tambayar gado. Wallahi tsoro ya kama ni, zufa tana ɗiga a kan wayar.

"Malam, cire min wannan tarkacen ka mayar da motata yadda take," in ji Yaya. Yana magana yana jingine da but, gefen hagu. Yaya fa ƙato ne, kuma tun muna yara bai iya tsayuwa da ƙafarsa ba, sai ya sami abin jingina. Na ga motar ta rusuna a ƙarƙashinsa.

"Yaya, ɗazu da nake saiti, a ina kake tsaye?"

"A nan mana. Ina zan je?"

Innalillahi! Ashe da nauyin Yaya a kanta akwatin ya haddace tsayin ƙafar nan. Da Yaya ya ɗaga, sai akwatin ya ɗauka ƙafar a sama take reto, ya ƙanƙame ta. Ban taɓa ɗaga wa Yaya murya ba sai ranar.

"Matsa! Don girman Allah koma bakin ƙofa, ka sa hannu a aljihu!"

Ya tafi sumui-sumui. Na goge saitin na sake. A lamba uku ruwan ya yi rawa, ya lashi bakin kofin, ya koma.

Da muka isa asibiti muka kwantar da kujeru, muka shimfiɗa katako da katifa, ma'aikata huɗu suka shigar da Mama. Na ƙara lamba ɗaya saboda nauyi. Auta ta riƙe mata kai, Yaya a gefena, kofin a tsakaninmu. Tudu bakwai muka haye, na baya suna ta zabga min oda, ban ko waiwaya ba.

Mun shigo layinmu ke nan wani mai babur ya faɗo ta kwana kamar an jefo shi. Na kauce. Ƙafar baya ta hagu ta faɗa rami, ruwan kofin ya watso min a hannu.

"Wash!" in ji Mama. Daga nan shiru.

Ban san yadda na ƙarasa ƙofar gida ba. Na zagaya na buɗe but, na yaye zanen da ya rufe mata ƙafa, na riƙe tafin da hannu biyu.

"Mama, motsa yatsunki."

Idonta a rufe. Ba abin da ya motsa. Auta ta fara kuka, Yaya yana tsaye ƙiƙam bai jingina da komai ba.

"Mama, don Allah."

Ta ɗan yamutsa fuska, ta buɗe ido ɗaya.

"Kai, ɗan nan," ta ce, "cire min hannun nan naka. Ina ka tsoma shi, sanyi haka kamar ƙanƙara?"