Sunan Haladu a Bangon Nadi

Kun kau da kai. Ku mutanen Karantina a nan Jidda, da ku na Ruwais da kuke tahowa ku cika mana fili kowace Juma'a, shekara tara kuna kallon Haladu a bakin raga kuna kiransa Abdulghaffar, bakinku bai taɓa yin nauyi ba. Ni ma na kira. Sai bana da aka damƙa mini littafin nadi, wato kulob ɗinmu, na karanta shi, tun daga nan na kasa zama wuri ɗaya.

A nadin ƙwallon unguwarmu babu girmamawar da ta kai a kafa hoton ɗan wasa a bangon zaure, da sunansa a ƙasa. Mutum huɗu kaɗai suka taɓa hawa. Sharaɗin shi ne shekara goma a littafi. Haladu ya tsare mana raga shekara goma sha uku, ya ajiye bara da yatsunsa suka daina miƙewa. Amma da ya fara, a 1958, ba shi da iƙama, takardar izinin zama, kuma ba a yi wa marar takarda katin wasa. Sai aka ari katin Abdulghaffar, haifaffen Jidda mai shagon turare a Balad, mutumin da ko gobara ba ta sa shi gudu. Aka ɓamɓare hotonsa, aka manna na Haladu. Sai bayan shekara tara ya sami iƙama aka yi masa nasa katin. Don haka littafi ya ce Abdulghaffar shekara tara, Haladu huɗu.

Ranar Talata bayan la'asar kwamiti ya zauna, na kawo maganar. Baba Na'ibi, shugaban nadi, bai ko ajiye kofin shayinsa ba.

"Ya ustaz Rafi'u, kai ne mai karatu. Huɗu ta kai goma?"

"Baba, da idonka ka gan shi."

"Idona ba ya cikin sharaɗi."

Usuman, tsohon ɗan gabanmu wanda hotonsa ke bango, ya yi dariya. "Ku bar ma zancen shekaru. Golan da aka zura wa bakwai a rana ɗaya? Wallahi har ragar ta gaji, ta ce halas, ya isa."

"Ai ranar nan da karyayyen yatsa ya shiga raga, Yaya Usuman," na ce. "Kai kuma ranar ka zubar da fenariti biyu. Yana nan a shafi na sittin, in karanto?"

"Ji ɗan banza! Da kana cin ƙasa nake cin ƙwallo."

Na karanto musu duk da haka. Wasa ɗari biyu da goma sha ɗaya. A tamanin da shida daga ciki ba a ci shi ko ɗaya ba. Fenariti ashirin da uku ya kama. A cikin mutum huɗun da ke bango babu wanda ya buga ko ɗari da hamsin. Usuman ya juya yana kallon titi.

Baba Na'ibi ya shafa gemu. "To, ga maslaha. Tara ta kusa goma, za mu yafe shekara ɗaya. A sa hoton Haladu, a rubuta Abdulghaffar a ƙasa. Kowa ya san fuskar."

Na miƙe tsaye ban sani ba. "Mai turare zai hau bango?"

"Zauna, yaro. Kofin 1963 da ke bayanka, da wane kati aka ci shi? Ka rubuta Haladu shekara goma sha uku, ka rubuta da hannunka cewa mun yi maguɗi. Gobe wani ya ɗauki maganar ya kai gaba, a zo a ɗauke kofin. Shi kaɗai gare mu."

Ban tsaya addu'ar tashi ba.

Washegari da azahar na sami Haladu a bakin tashar jirgin ruwa, inda yake dako. Yana zaune a inuwar buhunan shinkafa yana cin gurasa da wake, yana riƙe ta da tafin hannu don yatsun ba sa kamawa. Na zayyana masa komai, ina kai da komowa a gabansa.

"Zauna mana, kana sa ni jiri," ya ce. "Usuman ya faɗi bakwai ɗin?"

"Ya faɗa."

"Takwas ne. Alƙali ya ji tausayina ya kashe ɗaya."

"Yaya, ba wasa na zo yi ba."

Ya haɗiye lomarsa. "Ka san Inna Dela, Allah ya jiƙanta, tana sayar da gyaɗa a gefen fili. Ranar kofin, da na kama fenaritin ƙarshe, ta manta. Ta ɗaga murya ta ce, Haladu na! Mutane suka yi mata caa, wani ya toshe mata baki da mayafinta, don alƙali yana kusa. Uwata. Daga ranar ta mayar da tirenta ƙofar masallaci, ba ta ƙara ganin wasana ba."

Ya naɗe sauran gurasar.

"Kofin nan ni ma na sha wuyarsa, ba na so a ɗauke," ya ce. "Amma ka gaya wa Baba, in Abdulghaffar za a rubuta, a bar bangon haka, fentinsa ma yana da kyau. In Haladu ne, zan zo da farar riga." Aka ƙwala masa kira daga wajen motoci, yalla, yalla. Ya karkaɗe hannu ya tafi.

Daga nan gidan Baba Na'ibi na wuce, na faɗa masa yadda muka yi. 

"Kana so kwamiti ya ɗauki laifin shi kaɗai," ya ce. "Unguwa duka ta yi ƙaryar nan. To, unguwa ta zo ta warware. Kawo mini mutum arba'in ranar Juma'a bayan la'asar, kowa ya tsaya a zaure ya ce Haladu ya gani a raga tun 1958, ya sa hannu a littafi. In sun cika, a rubuta sunansa, kofin kuma Allah ya tsare. In ba su cika ba, kada ka ƙara tayar mini da maganar."

Ya ce arba'in ne don ya san ku. Na bi gida gida jiya da yau. Wani ya ce kafilinsa, mai ɗaukar nauyin zamansa a ƙasar, ba ya son ya sa hannu a komai. Wani ya ce shi daga nesa yake kallo. Abdulghaffar mai turare, shi ya fara cewa zai zo ya sa hannu, ya ce ya gaji da baƙi suna tambayarsa yadda ake kama fenariti. Da shi da ni da wasu huɗu, mu shida ne.

Saura talatin da huɗu, gobe kuma Juma'a. Kai da ke riƙe da takardar nan, ka tsaya a bayan ragar nan, ka san wanda ka gani. Ka yi sallar la'asar, ka taho zauren nadi, ka faɗi sunansa da ƙarfi, ka sa hannu.