Jikokin Zakaran Malam

Mijina Malam ya rasu a shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula. A unguwar Soron Ɗinki muke zaune. Sana'arsa ɗinkin hula, amma ransa yana wurin kaji. Yana da wani zakara wake-wake, baƙi mai ɗigon fari, irin da mahaifiyarsu, Inna, ta zo da shi daga Borno.

Ranar sadakar uku ina ɗaki cikin takaba, mata suka kama zakaran suka bayar aka yanka. Shi ya fi ƙiba, shi suka gani. Gashinsa kawai na tarar a bakin rariya.

Sai 'ya'yan zakaran biyu suka rage, mace da namiji, waɗanda wata baƙar kaza ta ƙyanƙyashe. Baƙaƙe ƙirin, ba ɗigo ko ɗaya.

Da arba'in ta matso, yayar Malam, Falmata, ta shigo.

"Hajo, waɗannan biyun za a sa a miyar sadaka."

"Yaya, a bar su."

"Su yi miki me? Ko da su za a raba gado?"

"Malam ya ce in aka haɗa wake-wake da baƙa, 'ya'yan duk baƙaƙe za su fito, ɗigon ɓuya yake yi. In 'ya'yan suka haɗu da juna, cikin huɗu ɗaya yakan ɗauko kakansa."

"Mai takaba da lissafin kaji. Sadakar mijinki za ki hana nama?"

Maganar ta soke ni, amma ban bayar ba. Aka yi tuwo da miyar kuka haka nan. Na ji abin da mata suka faɗa a tsakar gida. Falmata ta ɗauke ƙafa.

Macen cikin biyun nan ta kwanta kan ƙwai goma sha ɗaya, ta ƙyanƙyashe tara. Malam tun ranar ƙyanƙyasa yake faɗin yadda ɗan tsako zai zama. Ni ban iya ba. Kullum da hantsi nakan ɗaga fukafukansu ɗaya bayan ɗaya.

Ranar fitar takaba dole Falmata ta zo. Tana alwala 'yan tsakin suka biyo ta gabanta. Biyu a cikinsu sun yi ɗigo fari a wuya da baya. Ta ajiye buta, ta daɗe a tsugune.

"Waɗannan kajin Inna ne," ta ce. Ta share ido da bakin mayafi. "Ki kife su da kwando, Hajo. Shirwa ta yi yawa a unguwar nan."