Tayoyin Zayyanu

Zayyanu ya wurgar da wani guntun ƙarfe a gaban garejin Labbo, kaɗan ya rage ya sauka a kan ƙafar mai garejin da ta leƙo daga ƙarƙashin wata a-kori-kura.

"Ga ruɓaɓɓen ƙarhenka nan! Ka hiddo muna namu da kas sata!"

Labbo ya jawo jiki ya fito, ya miƙe yana goge hannu da tsumma. Shekara talatin yana kanikanci a bakin tashar Kaura Namoda, ba a taɓa ɗaga masa murya haka ba. Kuma wai Zayyanu! Yaron da har jiya Baba Labbo yake kiransa.

"Mi kac ce, Zayyanu?"

"Ɓarawo nac ce! Ka cire shaf ɗin motarmu na asali, ka sa muna na jabu. Jiya tsakiyar gulbi yak karye, da mata goma sha huɗu cikin mota!"

Kafin ka ce me, tasha ta taru. Masu lodi, masu shayi, 'yan kabu-kabu, kowa ya bar abin da yake yi. A wata shekarar da sai a ce su yi haƙuri a watse. Amma wannan ita ce shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Zamfara, ko'ina ka zauna zancen yanke hannu ake yi. Labbo ya ga idanun mutane suna sauka daga fuskarsa zuwa hannunsa na dama. Ya ɓoye hannun a bayansa ba tare da ya sani ba.

Motar da ake magana ta Hajiya Kubura ce, yayar Zayyanu. Tsohuwar jif ce mai jan ƙafa huɗu, gadon mijinta marigayi Alhaji Muhtari mai fataucin raƙuma. Da aka raba motocin maza da na mata, sai Hajiya ta mayar da ita motar mata, tana kwaso 'yan kasuwa daga Galadi da Jangeru zuwa Shinkafi kowace Alhamis. Kasuwa ta buɗe, ta ɗora ƙanen nata a kan sitiyari. Nan fa kan yaro ya kumbura.

Wata biyu da suka wuce ya zo garejin da wasu tayoyi huɗu, manya-manya, irin na motocin da ke keta sahara zuwa Agadas. Wai ya gan su a kasuwar Shinkafi, kuma in ya sa su babu yashin da zai riƙe shi. Bai tsaya nan ba. Yana so a yi wa tukunyar aksul walda, wato tukunyar haƙoran da ke tsakanin ƙafafun baya, don ƙafafun biyu su riƙa juyawa tare ko da yaushe.

Labbo ya zaunar da shi ya yi masa bayani dalla-dalla. Ita tukunyar nan aikinta ta raba ƙarfi, ta bar ƙafa ɗaya ta fi ɗaya gudu a kan kwana. In ka ƙulle ta, ranar da taya ɗaya ta kama dutse, duk ƙarfin injin a kan shaf ɗaya zai sauka, wato sandar ƙarfen da ke juya tayar. Shi kuwa shaf ɗin an yi shi ne daidai ƙaramar taya. Ka ɗora masa waɗannan ƙattin, murɗewa zai yi kamar wanki. Ya ce shi dai ba da hannunsa ba. Zayyanu ya yi dariya ya ce tsoho ya tsufa, ya tafi wani wuri aka sa masa tayoyin. Makon jiya ne kawai ya dawo Labbo ya canza masa boris na ƙafar baya, shi ne yau ya zama ɓarawo.

Haba jama'a! Mutum ya hana ka ɓarna, ka je ka yi abinka, sannan ka dawo ka nemi hannunsa?

'Yan agaji biyu suka ratsa taron suka ce a tafi gaban alƙali. Labbo bai yi musu ba. Ya sunkuya ya ɗauki guntun ƙarfen da kansa, ya duba bakin karayar. A murɗe take, zare-zare, tana ƙyalli. Ya yi ƙwafa ya bi su.

Sai bayan azahar aka shigar da su. Hajiya Kubura ta iso daga Shinkafi, tana zaune gefe cikin lulluɓi, fuskar nan a murtuke. Ko gaisuwar Labbo da ƙyar ta amsa, kuma wannan ya fi zagin Zayyanu yi masa ciwo, don shi ya riƙa gyara motar nan kyauta duk lokacin da take takaba.

Alƙali dattijo ne mai magana a hankali. Ya saurari Zayyanu har ya gama kumfar bakinsa, sannan ya juya.

"Malam Labbo, ka ji abin da aka ce. Kana da ta cewa?"

"Allah shi gafarta malam, wanga ƙarhe ba jabu ba ne. Shi na na asali. A duba bakinshi, murɗe shi anka yi har yak karye. Tayoyi da walda sunka kashe shi."

"Wace walda?" in ji Hajiya Kubura.

"Ƙarya ce, Yaya!" Zayyanu ya yi caraf. "Ba wata walda. Taya kaɗai nas sa, kuma ke kanki kin ce ta yi kyau."

Alƙali ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya juya ƙarfen, ya sake juyawa, ya ajiye.

"Ni ba makaniki ba ne. Ƙarfe duk ƙarfe ne a idona. Me zai nuna mini cewa wannan shi ne na motar tun asali?"

Labbo ya juya wajen Hajiya.

"Hajiya, wace shaida Alhaji Muhtari ka yi ma raƙumanshi?"

Ta ɗago kai da sauri. "Ƙafar zabo. Mi ya kawo wagga magana?"

"Randa yas sayo motar ga, shekara tara ke nan, ya ce shi bai yarda da dabbar da ba shaida ba. Ya tsaya kaina da kurfi da guduma, nib buga ƙafar zabo ga kowane babban ƙarhe nata. Tana nan ga kan shaf ɗin, wajen taya, rabin da yar rage jikin mota."

Zayyanu ya ce tatsuniya ce. Alƙali ya tambayi inda motar take, aka ce an jawo ta tun safe tana tasha. Ya ce to bayan la'asar a haɗu can, shi ma zai je da ƙafarsa.

A hanya Labbo ya shiga lissafi. Shekara tara ba kwana tara ba ce. In tsatsa ta cinye shaidar fa? Makon jiya da ya canza boris ko kallon wurin bai yi ba, baƙin mai ya rufe shi. Ya yi sallar la'asar, da ya ɗaga hannu zai yi addu'a sai ya tsaya yana kallon tafinsa, duk kanta da tabon ƙuna. Da wannan hannun ya aurar da 'ya'ya huɗu. Hawaye suka zo masa, na baƙin ciki ne tsantsa.

Tasha ta fi ɗazu cika. Motar tana tsaye a karkace a kan tayoyin nan nata kamar yaro ya sa takalmin ubansa. Alƙali ya hana Labbo taɓa ta, ya sa wani makaniki mai suna Atiku ya zaro ragowar shaf ɗin. Atiku ya wanke kan shaf ɗin da kananzir, ya kankare da wuƙa, ya miƙa wa Hajiya.

Ta daɗe tana kallo. Layi uku ne a buɗe, tsatsa ta zauna a cikinsu ta yi baƙi. Ta shafa da yatsa, ta ja mayafi ta rufe baki.

"Ta Alhaji ce," ta ce a hankali. "Wallahi ita ce."

"A buɗe tukunyar," in ji Labbo. "Tunda an fara, a ƙare."

Atiku ya kwance murfin, baƙin mai ya tsiyaye. Ga walda nan ƙulu-ƙulu, an narka haƙoran an haɗe su wuri ɗaya. Taron ya ɗauki salati. Hajiya ta juya ta kalli ƙanenta.

"A Zurmi anka yi min," Zayyanu ya faɗa ƙasa-ƙasa. "Tsoro nij ji, Yaya. Na san in kin ji ni na kashe ta, za ki karɓe makulli."

"Makulli?" Labbo ya matso har yana jin numfashinsa. "Don makullin mota kaz zaɓi a datse min hannu? Kai, Zayyanu! Kai!"

Hajiya ta miƙa tafi, Zayyanu ya zaro makullin daga aljihu ya sa mata. Ta durƙusa gaban Labbo ta ce ya yafe mata, ya kawar da kai ya ce ta tashi, ba komai tsakaninsu.

Alƙali ya ce Labbo ba shi da laifi, kowa ya shaida. Ya ce sharri irin wannan yana da hukunci, in Labbo yana so a koma kotu a zane Zayyanu.

"Ban son bulala, Allah shi gafarta malam. Nan yat tsaya yak kira ni ɓarawo. To nan nika son shi cire tayoyin ga huɗu da hannunshi, kowa na gani. Kar wanda yat taya shi."

Alƙali ya gyaɗa kai. Atiku ya jefa wa Zayyanu jak da sifana. Zayyanu ya durƙusa da sabuwar shaddarsa a cikin baƙin mai, ya kama notin farko ya dinga ja, yana nishi, zufa tana zuba. Notin ko gezau. Masu lodi suka fara ƙyaƙyata dariya, don duk sun ga ɗaurewa yake yi maimakon kwancewa.

Da ya gaji ya ɗago kai ya nemi fuskar da ya saba nema.

"Baba Labbo, wane gefe aka juyawa?"

Labbo ya jawo bencinsa ya zauna. Ya ɗora hannuwansa biyu a kan gwiwa, ya ci gaba da kallo.