Muhawarar da Malam Alfari Bai Ji Ba

A garin Gaya, idan gardama ta yi tsami a kan iyakar gona ko rabon gado, Malam Alfari ake nema. Allah Ya ba shi ilimi, Ya kuma ba shi abin da ya fi ilimi wuyar samu, wato harshen da ba a taɓa kamawa da ƙari ba. Abin da ya gani shi yake faɗa, wanda bai gani ba kuwa sai ya ce Allah ne Masani. Saboda haka ne da ciwo ya tsananta wa wani manomin shinkafa na Bengou mai suna Yacuba, ya sa aka ɗauko malamin, ya lallaɓa ya nuna masa inda gonarsa ta tsaya. Ya san ƙanensa Hama ya sa mata ido, yana tsoron a ƙwace wa matarsa Aisata da ƴaƴansa bayan ransa.

Sai dai zuciyar ɗan Adam ba ta rasa tabo, kuma tabon Malam Alfari shi ne Bawa. Tare suka soma karatu suna yara, Bawa ya gudu tun ba a yi nisa ba, ya faɗa otogar, wato tashar mota, yana lodin kamiyo, manyan motocin kaya. Ga shi yanzu da zaɓen depite, wato ɗan majalisa, ya zo, shi gidan rediyon gari ke kira ya yi sharhi, har daga ƙetaren gada, can Malanville, ana bugo waya ana ce masa Bawa mai fashin baƙi.

Ranar da ƴan takara biyu, Alhaji Kabiru da Zahradeen, suka yi muhawara a rediyo bayan azahar, a ranar Allah Ya karɓi ran Yacuba. Malam Alfari ne ya sallace shi, kuma lokacin da ake kai ruwa rana a rediyo yana tsaye a maƙabartar Bengou, mutanen gari na kewaye da shi. Ko kalma ɗaya bai ji ba.

Washegari da hantsi ya tarar da Gaya ta cika da muryar Bawa. A shaguna, a bakin duwan inda ake biyan kuɗin fito, a cikin kowane kamiyo, ana ta maimaita ta: Alhaji Kabiru ya shimfiɗe abokin takararsa, Zahradeen har gumi ya yi. Mutanen da suka saba zama gaban malamin suna sauraren karatu, duk sun koma kan bencin Bawa a otogar.

Da Bawa ya hango shi sai ya ɗaga murya. “Alaramma, ka ji ni jiya? Ko rediyon ma bidi'a ce a gidanka?”

“Kai Bawa, ka ji tsoron Allah. Ka ma saurari muhawarar kuwa?”

Bawa ya matso yana dariya, ya rage murya. “Saurare? Tun da safe mutanen Alhaji suka ɗauki muryata, kafin ƴan takarar su zauna. Abokina, wanda ya ci muhawara ai mu ke faɗa, ba su ba.”

Malam Alfari ya wuce yana istigfari, amma abin da ke cin ransa ba ƙaryar ba ce. Yadda fuskoki suka juya ga Bawa ne. Shekarun da ya kwashe a kan littattafai ba su kai sunansa ƙetaren kogi ba, ga mai lodin kaya ya kai nasa da zancen da aka ɗora masa a baka.

A ƙofar gidansa ya iske wata ƴar jarida, Fa'iza, da mikoro a hannu. Ta durƙusa ta gaishe shi.

“Baba Malam, ɓangaren Zahradeen sun yi ƙorafi cewa murya ɗaya muke sakawa. Suka ce a nemi dattijon da kowa ya yarda da shi. Kai dai ka saurari muhawarar ko?”

Amsar gaskiya gajeriya ce, kuma ta zo masa har kan harshe. Sai ya tuna bencin nan na otogar. Ya gyara rawani, ya ce, “Kunna abin naki, ƴata.” Ya yi bayani mai tsari, ya ce duk mai hankalin da ya saurara da kunnen basira, kamar yadda shi ya saurara, ya san Zahradeen ne ya zo da hujja, saura kuwa hayaniyar tasha ce. Kafin la'asar ana ta saka muryarsa daf da ta Bawa. A ranar, Allah Ya gafarta mana baki ɗaya, daɗin da ya ji bai taɓa jin irinsa ba.

Bayan sadakar bakwai aka kira shi Bengou, gaban mai gari, domin Hama ya riga ya tura noma cikin gonar. Malam Alfari ya faɗi iyakar kamar yadda marigayi ya nuna masa, bai ƙara ba bai rage ba. Hama ya miƙe cikin ladabi.

“Ranka ya daɗe, ina da tambaya. Lokacin da ake muhawara a rediyo, wa ya ja mana sallar yayana?”

Aka ce Malam ne.

“To mun ji shi yana cewa da kunnensa ya saurari abin da aka yi yana tsaye a maƙabarta tare da mu. Wannan iyakar ma, ina muka sani?”

Mai gari ya ce a nemo wani shaidan, kafin nan gona ta zauna a hannun mai noma ta. Kowa ya san babu wani shaidan.

Aisata ta tare shi a bakin zaure, mayafin takaba a kanta. Ba ta ɗaga murya ba. “Malam, kai kaɗai ya bar mana.”

A cikin motar komawa Gaya direba ya kunna rediyo, aka ce ga Bawa zai yi sharhi a kan maganar dattijon nan da ya yabi Zahradeen. Malam Alfari ya runtse ido yana neman tsarin Ubangiji, domin ya ji zuciyarsa, duk da abin da ya faru, tana auna ko an ba Bawa lokaci a rediyo fiye da shi.