Ɗakin Auta

Ba ita ta ɗaga hannu a taron unguwa ba, amma ita ta kwashe watanni tana wankin zannuwan gado. Maigidanta ne ya ɗaga, tun shugabar zauren al'umma ba ta rufe baki ba. Abin da shugabar ta zo da shi kuwa shi ne, bana za a jera wasanni a zauren: makaɗa da 'yan rawa da 'yan wasan kwaikwayo daga ƙasashe daban-daban, ayari na tashi wani na sauka. Tunda zauren ba shi da ƙarfin kama musu otal, ana roƙon duk mai ɗakin da ba kowa a ciki ya sauke baƙo ɗaya. Maigidan ya dawo gida yana washe baki, ya ce ai ya ba da ɗakin Auta. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a gidan nan tsuntsun ya ja ruwan ne ya shige rumfa, ya bar matarsa a tsakar gida.

Da farko ta ce atafau ba ta san zancen ba. Sai ya fito da abin da ya ɓoye a aljihu: ayarin da zai rufe wasannin shi ne wanda Auta yake yi wa aiki. Nan ta sauko.

Auta shi ne ɗansu na ƙarshe. A wannan zauren ya fara, yana jera kujeru bayan makaranta, daga nan ya koyi kunna fitilun dandamali, har wata ƙungiyar 'yan rawa ta zo wucewa ta ga hannunsa ta tafi da shi. Shekaru ke nan. Yakan kira a waya daga wata tasha ko wani filin jirgi, ya ce lafiya lau, ya ce za su tashi, sai an jima. Ba faɗa aka yi ba, ba kuma korarsa aka yi ba, aiki ne kawai ya cinye shi. Ita dai abin da take so bai taka kara ya karya ba. So take ɗanta ya shigo gidan nan a matsayin ɗan gida, ya jefar da takalmi a bakin ƙofa ta yi masa faɗa, ta tabbatar har yanzu tana da Auta.

Kafin nan sai da ta ga mutane iri-iri. An kawo mata wani mai goge da ba ya gwajin kiɗansa sai a banɗaki, wai ya fi amo. An kawo wani ɗan rawa dogo da ƙafafunsa suka zarce gadon, sai da ta kara masa kujera. An kawo wata 'yar wasa da ba ta cin mai, ba ta cin gishiri, ba ta cin nama, har uwar gidan ta rasa me ke riƙe da ran baiwar Allah. Akwai wani makaɗi kuma da duk abin da hannunsa ya taɓa ya zama ganga, har murfin tukunya bai bari ba. Babu wanda take jin yarensa a cikinsu, don haka ta haɗa wa kanta jawabin tarba, rabi da baki rabi da hannu, tana ɗaga murya kamar ƙarfin murya zai fassara. Ga tawul. Ga makulli. Taga ba ta rufuwa sai an ɗan ɗaga ta. Famfon banɗaki sai an murɗa shi hagu, a ɗan dake shi, sannan ruwa ya zo. Ta maimaita shi har ya zauna mata a baka, ko daga barci aka tashe ta za ta karanto shi.

'Yan unguwa suka sa mata Uwar Masauki. Maigidan kuma suka sa masa Sarkin Tafi, don kullum yana layin gaba da babbar riga, kuma shi ke fara tafi, wani lokaci ma waƙar ba ta ƙare ba. Shi yake dawowa da labarin yadda aka yi tsalle da yadda aka kaɗa, ita kuma tana tsaye a kan bokiti. Ko wasa ɗaya ba ta gani ba. Gidansu a bayan zauren yake, sai dai ta ji dukan ganga ta bango tana guga, bayanta na ciwo, yatsunta sun yi fari saboda sabulu.

Baƙin nan duk bambancinsu, ɗabi'a ɗaya ta haɗa su. Ranar tafiya kowannensu zai yaye zanin gadon, ya ninke shi tsaf a ƙarshen katifa, ya ɗora tawul a kai, ya ɗora makulli a kan tawul, ya ajiye 'yar kyauta a gefe: cokalin katako, ko 'yar tsana, ko ƙaramin kofi. Ranar da ta fara gani ranta ya ɓaci, ta zaci cewa ake yi zaninta na da datti. Shugabar zauren ce ta yi mata bayani cewa al'adar mutanen hanya ce. Wanda ya saba kwana a gidajen mutane yakan bar ɗaki yadda ba za a ce ma ya kwana ba, don kada ya zama nauyi. Daga nan ta daina jin haushi. Ta riƙa kwashe zanin ta jiƙa, ta jera kyautar a kan kantar ɗakin, ta shimfiɗa wani.

Ranar da ayarin su Auta zai sauka, gwiwoyinta sun riga sun gaji da ita, amma ta share ɗakin sau biyu, ta dafa abin da ta san yana so. Da la'asar ya shigo yana jan wata jaka mai taya ɗaya, ya rame, ya tara gemu. Ya durƙusa ya gaishe su. Ta kama wuyan hannunsa ta riƙe, ta ce ya rame, ya ce hanya ce. Sai ta wuce gaba ya bi ta zuwa ɗakin, kuma tana tura ƙofar bakinta ya kama aikinsa. Ga tawul. Ga makulli. Ta nuna masa tagar, har da ɗaga hannu sama. Sai da ta kai kan famfo ta ji abin da take yi, ga shi kuwa shi ne ya lalata famfon nan da hannunsa tun yana ɗan makaranta. Sabo turken wawa. Ta tsaya tana jiran ya fashe da dariya.

Bai yi dariya ba. Ya karɓi makullin da hannu biyu, ya yi godiya, sannan ya tambaye ta ƙarfe nawa ake rufe ƙofar gida, don kada ya dame su.

Haka kwanakin suka tafi. Yaron da a da sai ta leƙa ƙarƙashin gado take samun kwanonin gidan, yanzu yana gama ci yake wanke nasa ya kife. Ya nemi izini kafin ya buɗe firiji. Takalminsa a jere suke kamar na sayarwa. Ta tambaye shi kayan wanki, ya ce babu, kada ta wahalar da kanta. Da ta yi wa maigidan ƙorafi, sai ya ce ikon Allah, yaro ya yi hankali ita kuma tana neman kuka, wasu iyayen addu'ar wannan suke yi. Ta ƙyale shi. Mutumin da ke tafi kafin waƙa ta ƙare, ina zai gane?

Yawancin lokaci ma Auta ba ya gidan. Rannan ta kai masa abinci zauren, ta same shi a saman tsani yana ɗaure fitila, yana yi wa abokan aikinsa magana da wani yare, suna ta ƙyaƙyatawa. Dariyarsa ce ta da, mai haɗe da tari, wadda ba ta ji ba tun da ya sauka. Da ya hango ta sai ya sauko da sauri, ya karɓi kwanon, ya ce da ba ta wahala ba. Kishi ya kama ta, kishin mutanen da ko sunansu ba ta iya faɗa.

Wasan ƙarshe da rana aka yi, kuma a karon farko ta sa mayafi ta je. Ta ƙi layin gaba, ta zauna can baya kusa da teburin da Auta ke sarrafa fitilu. 'Yan rawa suka fito cikin wani haske shuɗi, amma ita hannun ɗanta take kallo yana tura maɓallai a hankali. Ga duhu, ga kujera mai taushi, ga watanni ba ta zauna haka ba komai a hannunta ba. Tafin maigidanta ne ya tashe ta. Da Auta ya tambaye ta ko ta ga wurin da ya mai da dandamalin kamar ruwa, ta faɗa masa gaskiya, barci ya sace ta. Ta so ya ɓata rai, ya zumɓura baki kamar yadda yake yi a da in ba ta kalli zanensa ba. Sai ya ce ba komai, ai ta gaji.

Washegari ta tashi da wuri ta haɗa masa shayi, amma ya riga ya fita loda kaya. Ta tura ƙofar ɗakin. Ga zanin gado a ninke a ƙarshen katifa, ga tawul a kai, ga makulli a kan tawul, ga wani ɗankwali mai kyau a gefe. Ko gashi ɗaya bai bari a ƙasa ba.

Ta zauna a kan katifar da ba zani. Gajiyar watannin nan duka ta taso ta danne ta lokaci ɗaya, kuma ta san ba gajiyar wanki ba ce. Don wannan kwanan ta sauke baƙi ɗaya bayan ɗaya, ashe shi ma baƙon ta sauke. An ce kowa ya bar gida gida ya bar shi, amma ita ba ta bar kowa ba, tana nan inda ya tafi ya bar ta. Ta yi kuka kaɗan. Sannan ta share fuska, ta kwashi makullin da ɗankwalin, ta fita da silifas ɗin wanka a ƙafarta.

A bayan zauren ana ta cusa akwatunan fitilu a babbar mota. Ta kira shi, ya sauko yana goge hannu a wando. Ta buɗe tafin hannunta.

"Wannan fa?"

"Makulli ne, Mama. Haka ake yi."

"A ina ake yin haka?"

Ya sunkuyar da kai. "A gidan mutane."

"To ni mutane ce?"

Abokan aikinsa ba sa jin abin da ake faɗa, amma kowa ya san muryar uwa, sai suka juya baya suka ci gaba da lodi.

"Mama, ke fa kika nuna mini tawul," ya ce a hankali. "Har famfon da na ɓata kika koya mini. Na ga kyaututtukan mutane a kan kanta. Sai na ɗauka ɗakin ya zama na baƙi, ni ma in bi layi kada in takura miki."

Maganar ta shige ta.

"Bakina ne ya saba," ta ce.

"Ni ma hannuna ne ya saba."

Ta zura makullin a aljihun rigarsa, ta danna shi da yatsa kamar mai tsoron zai fito. Ta ce wannan nasa ne tun ran da aka sa wa ɗakin ƙofa, ba aro aka ba shi ba. Ta miƙa masa ɗankwalin kuma, ta ce tsarabar ɗa a hannu ake ba da ita, ba a kan katifa ba. Ya karɓa, ya durƙusa nan kan ƙasa a gaban kowa, ya miƙa mata. Ta sa masa albarka a gajarce.

Direba ya danna ham. Auta ya juya zai tafi, sai ya tsaya yana sosa ƙeya, irin sosawar da ta sani tun yana ƙarami in ya yi ɓarna. Ya jawo jakarsa mai taya ɗaya, ya zuge ta, ya tono wata leda daga can ƙasa. Tun kafin ya kwance bakinta warin safa ya gaishe ta. Ya ce tun ƙasar da suka baro yake ɓoye da su, kunya ta hana shi fitarwa. In ba damuwa ta ajiye masa, in sun gama zagaye zai zo ya ɗauka.

Ta tambaye shi yaushe ne gama zagayen. Ya ce shi ma bai sani ba tukuna. Ta karɓi ledar, ta ce masa ƙazami, ta ce har yanzu bai san a juya safa ba, ta ce wa za ta auri mai wannan wari. Sai ga dariyar nan mai haɗe da tari. Yana yin ta har ya hau motar.

Ta tarar da maigidan a tsakar gida yana shan shayin da ta haɗa wa Auta. Ya kalli ledar, ya ce ba jiya ta rantse ta gama wanki sai baɗi ba? Bayanta na ciwo, gwiwoyinta na ƙara, yatsunta ba su warke ba. Ta zazzage kayan a ƙasa, ta jawo bokiti zuwa banɗaki, ta murɗa famfon hagu, ta ɗan dake shi.