Jan Lalle

Kezia ta tsaya da buroshi a hannu, tana ƙare wa jan gashin Walida kallo ta madubi. Ɗaliba ce 'yar Jos, a falon gidan hayarta da ke unguwar Setapak, can ƙasar waje, take gyaran gashi, tsakanin fanka da igiyar shanya.

"Anti, wannan jan rini ne ko lalle? Ki faɗa min gaskiya, maganin nan ba ya shiri da lalle."

Lalle ne. Tun Walida tana budurwa take cuɗa shi a ka kamar sauran matan gidansu, har ƙulli guda ta taho da shi daga Kano. Amma kalmar ta yi mata nauyi a baki, don a kanta mijinta Abdulmajid yake yi mata dariya. Tun da ya fara digirinsa na uku idonsa ya buɗe, ya gano ashe baƙauyiya ya auro. Bai taɓa zagin ta ba, Allah ya sani. Hoton wata mai gashi ruwan gwal kawai zai miƙo mata a waya ya ce, "Kin ga mata. Ke kuwa kai ja kamar na kakata." Ita dai so take ya sake kallon ta yadda yake yi a da.

"Rini ne," ta ce. "Ki mayar min da shi ruwan gwal."

* * *

Maganin ya ci fatar kanta kamar barkono, ta danne. Da aka wanke, gashin bai zama gwal ba, wani ruwan ɗorawa ya yi mai sirkin kore. Kezia ta sa mataji a hankali, gashin ya biyo shi curi-curi. Nan take ta gane lalle ne.

"Anti, don me?"

"Kunya na ji."

"Kunyar wa? Ni ma mamana lalle take sawa." Ta jawo almakashi. "Ba ke ce farau ba. Matan aure nawa suka zauna a kujerar nan, kowacce da hoton da oga ya nuna mata."

Walida ta zuba wa tayil ido, gashin da ta raina tun ƙuruciya yana zuba a kai. Tausayin kanta ya kama ta, sai dai hawayen ya ƙi zuwa.

* * *

A jirgin ƙasan komawa unguwarsu Wangsa Maju ta shirya ƙaryarta tsaf: za ta ce amosani ne ya sa aka rage mata shi. Ta ɗaura ɗankwali har goshi, ta dafa tuwo, ta zauna jiran tambaya.

Abdulmajid ya dawo ya ci, ya ce gishiri ya yi kaɗan.

Da ɗankwalin take wuni, da shi take kwana a gefensa. Wata ya mutu, wani ya kama, ƙaryar tana nan a bakinta har ta fara mance yadda ta tsara ta. Bai tambaya ba.